Keken da Bai Taɓa Taka Laka Ba

A wani gari da ke bakin kwalta akwai wani manomi, shi ne auta a ɗakinsu. Mahaifiyarsa gwauruwa ce, tana zaune a ƙauyensu na asali, can bayan duwatsu. Hanyar ƙauyen nan ba ta da daɗi. A hau tudu, a gangara kwazazzabo, a ratsa yashi, a haye rafi, ga ƙaya ko'ina. Mota ba ta shiga. Don haka manomin yakan daɗe bai je ya gaishe ta ba, kullum kukansa nisa.

Yana da wa wanda yake aiki a wani birni mai nisa. Da wan ya ji kukan ƙanensa, sai ya sayo masa keke, irin mai ƙwarin nan mai faɗin taya, ga giya ta hawan tudu, ga kariya ta ɗaukar kaya. Ya aiko da shi tare da saƙo cewa, "Ga ƙafa na aiko maka. Keken nan babu hanyar da ba ya bi. Ka je gona da shi, ka je kasuwa, ka je sujada, ka kuma riƙa leƙa Inna."

Manomin ya yi murna ƙwarai. Ya hau kwalta, iska tana kaɗa masa riga, yana ji kamar ba a ƙasa yake tafiya ba. Amma da ya sauka ya dubi jan fentin keken yana ƙyalli, sai ƙaunar ƙyallin ta fi ƙaunar tafiyar ƙarfi a zuciyarsa. Ledar da aka naɗo keken da ita daga kanti, ya ƙi cirewa. Ya ƙara masa madubi biyu da tuntaye na ulu. Ya shimfiɗa masa tabarma a cikin ɗaki, kowace safiya yana bin sa da tsumma tun kafin ya wanke fuskarsa. Gona kuwa da ƙafa yake zuwa kamar dā. Keke sai ranar Lahadi da ranar kasuwa, a kan kwalta. In ya tarar da ruwa ya kwanta a hanya, sai ya sauka ya saɓa keken a kafaɗa ya tsallake, har maƙwabta suna yi masa tsiya, suna tambaya wai tsakanin shi da keken wa ke hawan wani.

Labari ya kai wa tsohuwa cewa autanta ya yi keke. Ta aiko ta bakin masu zuwa kasuwa, ta ce ya kawo ta gani, ta sa albarka. Da damina ya ce laka. Da rani ya ce yashi yana cin sarƙa. Da ta sāke aikowa, ya ce, "Ku faɗa mata ƙaya ta yi yawa a hanyar, tayar nan ba ta so."

Haka damina ta wuce, wata ta zago.

Ran nan sai ga wansa ya yi sallama, wandonsa duk laka har gwiwa. Manomin bai ko tambayi dalilin lakar ba. Da aka gaisa, ya yi sauri ya turo keken tsakar gida, yana murmushi.

Ya ce, "Yaya, dubi amanarka. Kamar jiya ka aiko shi. Ko ƙwarzane babu."

Wan ya zagaya keken, ya shafa ledar, ya duƙa ya dubi tayoyin. Ya daɗe bai ɗago ba.

Sa'an nan ya ce, "Na gani. Daga wurin Inna nake, da ƙafa na ratso. Ka san inda na same ta?"

"A'a, Yaya."

"A bakin hanya na same ta, a durƙushe, tana lalube tana tsince ƙaya. Ta ce an gaya mata tayarka ba ta son ƙaya, shi ya hana ka zuwa. Tun ranar take fita kowace safiya tana share maka hanya."

Manomin ya juya ya dubi keken. Ƙyallin da yake taƙama da shi yanzun nan ya zama mai ba da shaida a kansa. Kunya ta rufe shi, har ya kasa haɗa ido da wansa.

Da gari ya waye ya hau keken, ya bar kwalta, ya kama hanyar duwatsu. Rassa suka yayyage ledar, tuntaye suka jiƙe, laka ta fallatsu har sirdi. Keken kuwa ko a jikinsa. Ya sassauta giya, tudu ya hawu. Ya ratsa yashi, ya faɗa rafi ya fito. A gangare har ya ji irin daɗin da bai taɓa ji a kwalta ba, daɗin nan kuma ya ƙara masa kunya, gama ya ga ashe tafiyar da ya daɗe yana gudunta ba ta kai ko zuwa azahar ba.

Da ya kusa ƙauyen, sai ya ga hanya tas, an tara ƙaya tsibi-tsibi a gefe. Ya kasa kaɗa ƙararrawa. Ya sauka ya turo keken a hankali.

Tsohuwa tana zaune a ƙofar gida. Ta karkata kai ta ce, "Auta, kai ne?"

"Ni ne, Inna."

"Matso da shi nan."

Ta miƙa hannu tana lalube a iska, ba wajen da keken yake ba. A nan ya gane idonta ya tafi. Ya kama hannun ya ɗora a kan sirdi, ya ji yatsunta duk tabon ƙaya. Ta shafa keken daga kai har kariya, laka tana manne mata a tafi.

Ta ce, "Wane launi ne?"

"Ja ne, Inna."

"An ce yana ƙyalli. Bara da sauran ganina, da na gan shi. Ba kome. Taya ba ta fashe ba ko?"

"Ba ta fashe ba."

"To, madalla. Ashe aikina ya yi amfani."

Manomin ya durƙusa a gabanta, ya kifa kansa a gwiwarta, ya yi kuka.

'Yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Wan da ya aiko da keke, Ubangiji ne. Keken kuwa bangaskiyar da ya ba mu ce, ba mu saya ba, kyauta ce. Ya yi ta da ƙwari domin ta bi kowace hanya, ta gona da ta kasuwa, ta gidan makoki, ta gidan wanda muka yi faɗa da shi. Kwalta ita ce safiyar Lahadi, inda tafiya take da sauƙi, kowa yana ganinmu cikin kaya masu tsabta. Ledar nan kuwa sunanmu ne na mutanen kirki, wanda muke lallaɓawa kada wahalar wani ta ɓata shi.

Da yawa a cikinmu haka muke, abin kunya ne ƙwarai. Mun iya waƙa, mun iya addu'a mai tsawo, amma in an ce ga mara lafiya can bayan gari, sai mu ce laka. In an ce ga ɗan'uwa ya fāɗi cikin zunubi, a je a ɗaga shi, sai mu ce ƙaya. Muna ɗauke da bangaskiyarmu a kafaɗa muna tsallake mutane, ita da aka ba mu domin ta kai mu wurinsu.

Ku lura, tsohuwar ba ta zagi ɗanta ba, ta karɓe shi. Haka Ubangiji yake karɓar mai tuba. Amma idonta bai dawo ba. Akwai alherin da in ka jinkirta shi, za a gafarta maka, sai dai wanda ka so ka nuna wa ba zai ƙara iya gani ba.

Saboda haka kowa ya tambayi kansa kafin mu tashi: wane ne yake can yana tsince mini ƙaya, yana jira? Ka san sunansa. Kada ka bari Lahadi mai zuwa ta same ka da taya mai tsabta.