Kunnen da Lawwali Ya Toshe

Lawwali ɗan garin Isa ne, gwanin haɗa manhajar waya, wannan kam ba mai musu. Amma kai, girman kai! Gyara ɗaya za ka yi masa ya kwana uku bai gaishe ka ba.

Shi ya haɗa wa manoman bakin gulbi manhajar gargaɗi. In ruwa ya taso, mutum ɗaya zai aika saƙo, duk wayoyi su ɗauki kuka. Da manoma suka yi ƙorafin tana shanye caji, sai ya ƙara mata umarni: batir na yin ƙasa, ta kashe ɓangaren da ke sauraro, wanda suke kira kunne, in an sa caji ta sake kunna shi.

Ni'imatullahi, abokiyar aikinsa, ta duba ta ce, "Lawwali, ai da wanga kunne manhaja ka jin an sa caji. In ka kashe shi, mi za ya tashe shi? Mu gwada tukuna."

"Ke kika koya mini aikin? Yau za ni sake ta."

Ya kuwa sake ta.

Wata Alhamis da hantsi, lokacin girbin gero, wani manomi a Gangara ya ga gulbi na tasowa, ya aika saƙo. Wayar Lawwali ta yi kuka a shagonsa na Sabon Birni, don tasa ba ta taɓa rasa caji ba. Ya duba. Cikin wayoyi ɗari biyu, goma sha ɗaya kaɗai suka amsa. To wane manomi ne batirinsa bai taɓa yin ƙasa ba?

Nan take ya aika umarnin kunnawa. Ina! Kunnen da zai ji umarnin shi ne a toshe.

Sai ya tuna kawunsa Attahiru na Tsamaye, wanda dammunan geronsa, abincin gidansa na shekara, ke jibge a gona bakin gulbi. Ya kira shi.

"Kawu, kana ina?"

"Kasuwar Isa. Lafiya?"

"Ruwa, Kawu! Ruwa ya taso!"

"Haba ɗana, waya ba ta yi kuka ba."

Kowannensu ya hau babur, ya nufi gonar. Ko da suka isa, ruwa ya shafe gonar, zangarniya na yawo a sama. Lawwali ya so ƙasa ta tsage ya shige.

Kawu Attahiru bai yi faɗa ba. Ya miƙa masa wayar, ya ce, "Duba, cike take. Kullum sai na kai ta caji, don kar ka kira ni da abin nan naka in kasa ji."

Darasi: duk wanda ya ƙera abin da mutane za su dogara da shi, amana ya ɗauka. Ya saurari mai yi masa gyara, ya gwada aikinsa kafin ya saki. Girman kan gwani, waɗanda suka yarda da shi yake fara cutarwa.