Kurege da Kyamarar Gwangwani

Ga ta nan tafe bisa keke, ku janye ƙafafunku kada ta taka.

An yi wani zamani a garin namun daji, manyan dabbobi suka sayi motoci, ƙanana suka ƙare da kekuna. To, kun san halin mai ƙarfi. Direba na hango mai keke sai ya danna masa hon, ya matse shi har cikin kwata. Da kuka ya yi yawa, Zaki, babban ɗan sandan garin, ya sa aka yi shela: duk mai keken da ya ɗauki bidiyon direba yana tuƙin ganganci ya kawo ofis, a ƙwace lasin direban.

Kurege ya ji shelar nan yana kwance, cikinsa na kiran ciroma, ko ƙwayar gyaɗa babu a raminsa. Keke kam yana da wani akwala marar birki. Kyamara kuwa, ina! Sai ya tsinci gwangwanin tumatir, ya liƙa masa gindin kwalba, ya ɗaure a goshi da roba.

Ya bugi ƙirji ya ce, "Ni ne Kurege, ƙaramin jiki mai babbar shari'a! Daga yau titi zai ciyar da ni."

Bai jima ba sai ga Kura da a-kori-kura maƙare da nama. Gogan naku ya karkato gabanta, ya zube da gangan, ya tashi yana ɗingishi yana nuna goshinsa.

"Shi ke nan, Gwaggo Kura, na ɗauke ki! Har haƙoranki sun fito raɗau. Sai ofishin Zaki."

Kura ta ce, "Haba ɗan ƙanena, da wannan motar nake ci da marayu. Ungo balangu, ka goge."

Ya ƙwanƙwasa gwangwani da farce ya ce, "Na goge, don zumunci." Ranar ya ci har ya kasa taka feda.

Da gari ya waye ya sa tabarau da babbar riga, ya zama shugaban ƙungiyar masu keke. Ya faɗi gaban Ɓauna mai motar dankali, ya tashi da rabin buhu. Kai, Kurege har ya fara tumbi!

Wanda ya gagare shi Toron Giwa ne, mai gingimarin gyaɗa. Da Kurege ya zube gabansa ya fara ihu, Toro ya leƙo ta taga, hankalinsa kwance, ya ce, "Kunna in gani."

Kurege ya yi tsuru-tsuru. "Ranka ya daɗe, batir ne ya mutu. Amma gobe ma rana ce."

Gyaɗar nan fa ta tsaya masa a rai. Ya garzaya wurin maƙwabciyarsa Bushiya ya ari waya ta gaske. Bushiya ta ce, "Maƙwabci, tsaya in nuna maka. Wayar nan ido biyu gare ta, na gaba da na baya."

Ya fizge. "Ni za ki koya wa? Ni da na ɗauki Kura da gwangwani?"

Da gari ya waye ya ɗaure waya a kan kekensa, ya danna. Sai ya ga fuskarsa a ciki. Ya gyara gashin baki ya ce, "Madalla, har da madubi!" Gingimari na tahowa, ya yi faɗuwar da ta fi ta jiya kyau.

Toro ya ce, "Mu je wurin Zaki. In laifina ne, lasin da gyaɗar duk na bari."

Ofis ya cika maƙil, har Kura da Ɓauna sun zo kallo. Kurege ya miƙa waya yana taƙama. "Yallaɓai, hoto ba ya ƙarya."

Zaki ya kunna. Babu titi, babu gingimari. Fuskar Kurege ce ta cika gilashi, baki har kunne, yana cewa, "Ga sakaran nan tafe. Yadda na ci Kura da Ɓauna da gwangwanin tumatir, haka shi ma zan ci shi. Bari in faɗi, ɗaya, biyu..."

Kura ta ce, "Gwangwanin me?"

Wayyo Kurege! Ɓauna ta kai masa karo, Kura ta cafki wutsiya, Toro ya ɗora ƙafa guda a kan akwalan keke, ya zama faifai. Da ƙyar Kurege ya sulale ta ƙarƙashin kantar ofis, ya bar musu tsumman babbar riga da gashin wutsiya, ya afka rami da ƙulu a goshi, daidai inda yake ɗaura gwangwani.

Can da ƙura ta lafa, ya leƙo da kumburarren ido ya ɗaga murya: "Duka kam na sha. Amma ku faɗi tsakani da Allah, ban yi kyau a hoton ba?"

Ƙurunƙus, kan ɗan kurege. Da ma ƙarya ce na gilla muku, yaushe kura ta taɓa samun lasin?