Azara a Rumfar Awaki

Akwai wani mutum, manomi, wanda Allah ya yi wa buɗi, sai ya ƙudura zai gina wa matarsa soro a maimakon bukkar da suke ciki. Ya kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, ya buga tubali, ya bar shi ya sha rana har ya bushe. Bango ya tashi sumul, saura rufi.

Da surukinsa, mahaifin matar, ya ji labari, sai ya sare namijin giginyar da ke gonarsa, ya tsaga, ya fitar da azara, ya ɗora wa jakuna, ya yi tafiyar yini guda ya kawo masa. Azara kuwa ba ta da kyan gani. Baƙa ce, ga nauyi, ga kaushi, ga sartse mai shiga hannu. Amma gara ba ta iya cinta, kuma tana ɗauke da ƙasar rufi shekara da shekaru ba ta lanƙwasa ba.

Mutumin ya durƙusa ya yi godiya, tsoho ya koma gida. Kashegari abokansa suka zo ganin gini, suka ga azara a jibge, suka kwashe da dariya. Suka ce, "Wannan baƙin itace za ka sa a sabon ɗaki? Ai sai a ce kakanka ne ya gina."

Maganar ta shige shi. Ya je ya samo katakon rimi, fari tas, mai santsi, marar nauyi. Matarsa ta ce, "Maigida, rimi fa ba ya jure gara." Ya ce, "Ke dai zuba ido." Ya yi rufinsa da shi, ya ɗora ƙasa a kai. Azarar kuwa ya ja ta bayan gida, ya kafa wa awaki rumfa da ita. Sa'an nan ya aika wa tsoho cewa an gama rufi, azara ta zauna daram.

A damina ta uku matar ta haihu, tsoho ya zo suna. Gida ya cika da baƙi. Yana zaune a cikin soron riƙe da jikansa, sai ga wani gari mai laushi yana zubowa a kan zanen jaririn. Ya ɗaga kai, ya ga farin katako. Ya miƙa sandarsa ya taɓa, sandar ta nutse kamar a cikin ruɓaɓɓiyar kabewa, gara ta yi ta zubowa. Ashe ciki duk an cinye, fatar kawai ta rage, ƙasar rufi kuma ta riga ta yi ciki daidai saman gadon mai jego.

Ya ce wa 'yarsa, "Ɗauki yaron nan ki fita." Sa'an nan ya juya ga mijinta, ya ce, "Ɗana, ina azarar da na kawo?"

 Mutumin ya wuce gaba, tsoho na biye, suka ratsa ta tsakiyar baƙi, har da abokan nan nasa, suka kai bayan gida. Ga azara nan a tsaye, ta yi kaca-kaca da kashin awaki. Ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Ya durƙusa a cikin ƙazantar da rigarsa ta suna, ya ce, "Baba, ƙarya na yi maka. Kunyarta na ji a gaban mutane."

 Tsoho ya zaro wuƙa ya kankare azara ɗaya, ya ƙwanƙwasa ta, ta amsa da ƙarfi. Ya ce, "Ba abin da ya same ta. Kawo ruwa mu wanke."

Da zaginsa tsoho ya yi, da ya fi wa mutumin sauƙi. Ya ɗebo ruwa yana hawaye, ya wanke, ya saɓa a kafaɗa ɗaya bayan ɗaya a idon jama'a, sartse na shiga wuyansa. A ranar suka tokare rufin da azarar, da rani ya yi kuwa suka kware shi suka sake shi da ita.

Ma'anar misalin nan ke nan, 'yan'uwa. Azara Maganar Allah ce. Sau da yawa takan zo mana da kaushi, ta bakin wanda ba mu ɗauka da daraja ba, takan kuma soke mu. Katakon rimi shi ne yabon mutane da shawara mai daɗin ji. Gara kuwa zunubi ne, wanda yake ci daga ciki, waje yana ƙyalli. Ba kanmu kaɗai muke sa wa a hatsari ba, akwai waɗanda suke kwance a ƙarƙashin rufinmu.

Mutumin nan sau biyu ya ji kunya. Ta fari, kunyar idon mutane, ita ta sa ya yar da abin kirki. Ta biyu, kunyar laifinsa, ita ta kai shi ga tuba. Wataƙila kai ma akwai inda ka jefar da abin da Ubangiji ya faɗa maka, don kada a yi maka dariya. Yana nan, bai ruɓe ba. Ubangiji Yesu kuwa ba ya korar mai zuwa gare shi da kai a sunkuye. Tashi ka je ka ɗauko, tun rufin bai faɗo ba.