Mutumin da Ya Ɗauki Hoton Gida, Ya Rasa Fuskar Uwarsa

Akwai wani mutum, manomin citta, wanda Ubangiji ya sa wa gonarsa albarka. Da ya sayar da amfanin gona, sai ya rushe tsohon ɗakin lakar uwarsa, ya gina mata gidan bulo mai rufin kwano, ya kuma sayi waya mai ɗaukar hoto. Yana ƙaunar uwarsa, wannan babu shakka. Amma ginin nan ya shiga ransa ƙwarai.

Kowace Lahadi bayan sujada, yakan zaunar da tsohuwar a kan kujera a bakin ƙofa, ya ce zai ɗauke ta hoto. Sa'an nan ya yi ta ja da baya har bakin hanya, don ƙofa da tagogi da rufi duka su shiga. Rana kuwa tana bayan gidan, kwano yana ta walƙiya, tsohuwa tana cikin inuwa.

Wata rana ƙanwarsa ta ce masa, "Yaya, matso kusa mana. Ka juya kujerar hasken ya faɗo a fuskar Mama, ka durƙusa daidai tsayinta. Gilashin wayar ma ka goge shi, duk maiƙo ne."

Ya ce, "In na matso, gidan ba zai fito ba."

Ita tsohuwar takan gyara ɗankwalinta, ta yi murmushi, ko da yake daga bakin hanya ba a ganin murmushin.

Ana nan, da damina ta faɗi, tsohuwa ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba. Dattawan ikkilisiya suka ce a kawo hotonta a buga a takardar jana'iza, kamar yadda aka saba. Mutumin ya ce wannan ba wuya, ai ba wanda ya kai shi yawan hotunanta. Ya buɗe waya. Ga gida, ga gida, ga gida kuma. A gindin kowanne akwai wani ɗan duhu a kan kujera, kamar ƙullin kaya. Ya sa yatsu biyu ya buɗa hoton don fuskar ta girma. Yana buɗawa tana watsewa, har ba ido, ba baki, ba tsagen da ke kumatunta.

Haka aka buga takardar da sunanta kaɗai, aka sa gicciye a inda fuskarta za ta kasance.

Bayan an kwana biyu, ƙanwar ta same shi zaune, idonsa a rufe, hawaye na zuba. Ya ce mata, "Ina nemanta a zuciyata, amma ta fara ɓace mini. Gaya mini, yaya idanunta suke?"

Ƙaunatattu, ga ma'anar wannan misali. Ku da kuka fara ɗaukar hoto, ku riƙe shawarar ƙanwar nan, gama daidai take: a matso, a sunkuya, a bar haske ya sami fuska. Amma ba don waya kaɗai na ba ku labarin ba. Hoton nan zuciyar mutum ne, abin da ya cika shi kuwa shi ne abin da muke ɗauka da girma. Gidan shi ne alherin da muke yi wa namu: gini, sutura, buhun hatsi. Duk suna da kyau. Abin baƙin ciki shi ne, muna iya tsayawa nesa muna sha'awar alherinmu, har wanda muka yi dominsa ya ƙanƙance, ya shiga inuwa, ba mu lura ba.

Ubangijinmu bai ƙaunace mu daga nesa ba. Ya sauko, ya sunkuya, ya dubi mutane a ido.

Saboda haka, wanda yake da tsoho ko tsohuwa a gida, kada ya yi aike yau. Bari ya tafi da ƙafarsa, ya zauna kusa, ya dube su da kyau tun ana ganin juna.