Ƙoƙon Irin da Uwar Kurege ta Bari

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mu riƙe.

Da uwar Kurege ta rasu, ba ta bar masa komai ba sai ƙoƙon irin gero. Ana tsakiyar bazara sai ga tsuntsaye daga bayan teku, duk sun rame, ƙasarsu ta gaji da ciyar da su. Babbarsu, wata tsohuwar Kurciya, ta ce, "Ɗan nan, sam mana geron nan, 'ya'yanmu na faɗuwa."

Kurege ya ga geron ko ƙananansu ba zai ƙosar ba. Ya ce, "Iya, ku lallaɓa da 'ya'yan ciyawa tukuna." Ya shiga tona busasshiyar ƙasa yana binne irin, yadda uwarsa ke yi kafin ruwan farko.

Kura ta tuntsire da dariya. "Kai maraya, jiya ka binne uwarka, yau ka binne abincinka? Ko hadari babu."

Kurege ya ce, "Inna ta ce ƙasar nan ba ta cin amana."

Ruwa ya sauka. Da kaka tsuntsaye suka ci, suka ɗaure guzuri, gero bai ƙare ba. Kurciya ta tashi sama, ta sauko, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ɗan nan, gonarka tafin hannu ce. Bayanta ƙasa ce kwance har inda idona ya gaza, fartanya ba ta taɓa ta ba."

Kurege ya cika ƙoƙon uwarsa da iri, ya miƙa wa Kura. "Yaya, ungo. Kin fi ni iya tono, ga ƙasa can tana jira."

Ƙurunƙus kan kusu, tatsuniya ta tafi, gero ya rage.