Takardar Shaidar Rai

Akwai wani tsohon soja a Madarunfa, sunansa Baba Ado. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, aka kwantar da shi asibiti. Ɗiyarsa Hussaina ce ke jinya.

Fanshonsa ya tsaya tun bara, don bai je ya dangwala yatsa a takardar shaidar yana da rai ba. Ga magani ya ƙare.

Hussaina ta tafi biro, wato ofishin fansho, a Maraɗi. Ma'aikacin wurin, Mushe Abdoul Aziz, mutum ne mai magana ta hanci, tabarau a kan goshi.

"Madam, dosiye bai cika ba, babu takardar shaidar rai. Wa ya ce mini yana da rai?"

"Yallaɓai, yanzu na ba shi koko na taho."

"Koko ba takarda ba ne, madam. Ya zo da kansa."

Ta nuna masa hoton tsohon a waya. Bai ko ɗaga kai ba.

Sau huɗu tana zuwa, amsar ɗaya ce. A na biyar ta sayar da tunkiyarta, ta ɗauki hayar mota, aka shimfiɗa tsohon kan katifa a baya. Likita ya hana. Ta ce, "In na bar shi nan, da mi zan sayi maganin?"

A ƙofar biron Baba Ado ya hangi tuta. Ya sa hannun hagu ya ɗago na daman, har ya kai shi goshi, ya sara mata irin ta soja. 

Abdoul Aziz ya fito da kansa, ya kama yatsan ya dangwala. Ko minti biyu ba a yi ba.

Amma jijjigar hanya ta gama da tsohon. Kwana uku Allah ya yi masa rasuwa. Kuɗin suka fito bayan sadakar bakwai.

Hussaina ta koma biro, ta ajiye takardar rasuwa kan teburi.

"Yallaɓai, ita ma sai ya zo da kansa?"

Ya kasa kallonta. Tun ranar, duk Asabar yana hawa babur zuwa garuruwan Safo da Sarkin Yamma, yana bin tsofaffin sojan da ba su iya tashi har gadonsu, su dangwala yatsa.

Darasi: In Allah ya ɗora ka kan kujera, ka tashi ka je wurin wanda ba ya iya zuwa wurinka, tun yana da rai. Ku tura wa duk wanda kuka sani yana riƙe da hatimi.