Ranar da Masu Takalmin Taya Suka Zauna

Akwai wani mawaƙi a garinmu Dayton da ke Amurka mai suna Lamont Pettiford, wanda Allah ya ba murya ya kuma haɗa masa da son a gan shi. In ya wuce gaban gilashin shago sai ya tsaya ya gaida kansa. Na san shi tun yana wanke motoci a titin Germantown, don haka ba ƙage nake masa ba.

Su huɗu ne a ƙungiyarsu mai suna Tsohon Ƙarfe. Lamont ne mawaƙi, Dale yana kaɗa jita, Cleavon yana riƙe da jitar bes, sai Bernadine Oakes a kan ganguna. Kiɗansu fank ne da rok a tukunya ɗaya. Jitar Dale tana ihu kamar za ta tsaga rufi, bes da ganguna kuma suna jan ƙugun mutum ko bai shirya ba.

Bernadine ta girme su duka. Da safe motar 'yan makaranta take tuƙawa, da yamma ta zauna bayan gangunanta. Ita ce ta koya wa Lamont ƙirga kiɗa tun muryarsa ba ta buɗe ba.

Suna da wata al'ada da suka riƙe shekara tara. Duk sabuwar waƙa sai sun ɗauke ta a kaset sun kai wa Baba Roscoe, mai saka kiɗa a zauren wasan takalmin taya na unguwarmu. Ranar Lahadi bayan an taso daga coci manya ke cika zauren, ma'aikatan masana'anta da nas-nas da kakanni, kowa yana zagaye a kan taya. Baba Roscoe zai cusa kaset ɗin cikin sauran waƙoƙi ba tare da ya faɗi na wane ne ba. In mutane suka ci gaba da zagaye, waƙa ta ci. In suka fara sulalewa benci suna kwance igiyar takalmi, sai a jefar da ita, ba a gardama.

A shekarar 1990 wani babban kamfanin faifai ya ɗauke su. Kai, ranar unguwa ba ta zauna ba! Sai dai kundin waƙoƙi ɗaya tak aka yarda su yi. In ya karɓu sun haye, in bai karɓu ba kowa ya koma inda ya fito.

Kamfanin ya aiko musu da mai haɗa sauti daga Los Angeles, wani ɗan gaye mai suna Garrett da ba ya cire baƙin tabarau ko a cikin ɗaki. Ranar farko a situdiyo ya saurari waƙarsu mafi zafi, "Sauko Ƙasa", ya kalli allurar na'urarsa, ya girgiza kai.

"Mai gangar nan tana makara," in ji shi. "Bugu na biyu da na huɗu suna zuwa baya da ƙiris. Ga injin kiɗa na zo da shi, shi ba ya kuskure."

Bernadine ta yi dariya. "Bawan Allah, ba makara ba ce. Da gangan nake ajiye shi a nan, shekara ashirin ke nan."

Kowa ya juya ya kalli Lamont, don shi kamfani ke saurara. Shi kuwa kansa ya riga ya kumbura da hoton da aka ɗauke shi a jarida.

"Yaya Bernadine, mu faɗa wa juna gaskiya," ya ce. "Mutumin nan da manya yake aiki. Ke kuwa motar yara kike ja. Wannan ba kiɗan unguwa ba ne yanzu, duk ƙasa za ta ji. Ki huta, inji ya yi. Hotonki zai fito a bayan faifai, me kike so kuma?"

Wallahi har yau in na tuna maganar nan raina ɓaci yake. Bernadine ba ta ɗaga murya ba. Ta tattara sandunanta ta zuba a jaka.

"To, ranka ya daɗe, sarkin madubi," ta ce. "Allah ya ba da sa'a."

Ta fita. Cleavon ya kalli Lamont ya ce, "Kai, ka san abin da ka yi kuwa?"

"Na san abin da nake yi, malam. Ka ɗauki jitarka."

Sati uku suka yi suna aiki da inji. Kundi ya fito fes, ba ƙura ba tabo, kowane duka a layinsa kamar sojoji. Saura 'yan kwanaki a miƙa wa kamfani, sai Lamont ya ce za a je wajen Baba Roscoe. Kada ku ɗauka girmama al'ada ce ta kai shi. So yake unguwa ta ga yadda ya zama.

Ranar Lahadi ya iso da farar kwat, Garrett na biye da shi. Ina wajen, takalmina a ƙafa. Ya miƙa kaset ya ce, "Baba, ka sanar da su cewa namu ne."

"Ban taɓa sanarwa ba, ba kuma zan fara a kanka ba," in ji Baba Roscoe. "Samu waje ka tsaya."

Zaure ya cika maƙil, mutum ya fi ɗari biyu suna zagaye. Bernadine ma tana ciki da jar rigarta, don ba ta fashin Lahadi. Sai "Sauko Ƙasa" ta shigo. Jita ta yi ihu, muryar Lamont ta tashi, daɗi kamar me.

Zagaye ɗaya, zagaye biyu, sai na ji ƙafata ta rasa inda za ta taka. Mu masu taya, a ɗan jinkirin nan na ganga muke tura ƙafa mu saki jiki. Wannan kiɗan kuwa ba ya jiran kowa, kamar ana kora ka zuwa layin aiki. Wata tsohuwa ta fara fita tana fifita da hannu. Wasu ma'aurata suka bi ta. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Baba Roscoe, injin wanki ka kunna mana ne?" Zaure ya kwashe da dariya.

Kafin waƙa ta kai rabi benci sun cika, ni ma ina ciki. Fili ya zama wayam.

Mutum ɗaya ce ta rage, Bernadine. Ita kaɗai take zagaya wannan ƙaton fili, gumi na zuba, tana tilasta wa ƙafarta bin kiɗan da aka kore ta saboda shi. Ba ta tsaya ba sai da sautin ƙarshe ya mutu.

Lamont ya daskare. Garrett ya cire tabarau, ranar muka fara ganin idonsa.

Ba a shiga filin da takalmin waje, don haka Lamont ya tuɓe nasa ya taka da safa. Taku uku santsi ya kwashe shi, ya faɗi zaune da farar kwat ɗinsa. Bai ma tashi ba, a haka ya ja jiki har gabanta.

"Yaya, me ya sa ba ki zauna ba? Ke ya fi kamata ki fara zama."

Ta tsaya tana haki. "Kiɗan banza ne, kada ka yi shakka. Amma muryarka ce a kai. Ba zan bar ta a fili ita kaɗai mutane na dariya ba."

Sai ga Lamont yana hawaye a gaban unguwa. "Na yi miki wulaƙanci, Yaya. Ki yafe mini. In kin ƙi dawowa ma ban ga laifinki ba."

"Tashi, kana goge musu fili da kwat. Kwana nawa ya rage?"

"Takwas."

"To me muke jira?"

Baba Roscoe ya leƙo daga ɗakinsa ya ce wa Garrett, "Ɗan samari, na'urarka kunne gare ta, amma ba ta da ƙafa." Garrett, a yaba masa, bai yi musu ba. Da hannunsa ya cire wayar injin washegari.

Jama'a, wannan satin ba a magana! Suka shiga ɗaki ɗaya su huɗu, suna kallon juna, suna kaɗawa tare kamar yadda suka saba a garejin Cleavon. Bernadine ta sauke yara makaranta ta zo da gudu, ko rigar aiki ba ta cirewa. Matar Cleavon tana kawo soyayyar kaza da burodin masara a faranti, ana ci a tsaye. Waƙa goma sha ɗaya cikin kwana shida. A wata waƙar har dariyar Dale ta shiga, Garrett ya ce a bar ta.

Lahadi ta zagayo. Wannan karon Lamont da tsohuwar rigarsa ya zo, ya miƙa sabon kaset, ya laɓe bayan injin sayar da lemo yana cizon farce.

Ganga ta faɗo. Wayyo! Kamar an kunna wuta a ƙarƙashin benci. Waɗanda suka zauna hutawa suka miƙe, masu cin abinci suka ajiye. Tsohuwar nan da ta fara fita wancan satin ta riƙe ƙugu tana tafiya da baya-baya tana guɗa. Aka jeru layi-layi ana tafi tare da ganga, katakon ƙasa yana rawa. Da waƙa ta ƙare zaure ya ɗauki ihu, "A maimaita! A maimaita!" Sau uku Baba Roscoe ya mayar da kaset, abin da bai taɓa yi wa kowa ba.

Kundin, mai suna Zafin Kwalta, ya fito farkon bazara. Gidajen rediyon baƙaƙen fata suka fara ɗauka. Sai gidajen masu rok, waɗanda ba su taɓa waiwayar irinmu ba, su ma suka kama. Ka tsaya a danja ka ji "Sauko Ƙasa" daga motar dama, ka ji ta daga motar hagu. Shagon faifan unguwarmu ya manna takarda a ƙofa cewa ya ƙare, a daina tambaya. Kafin sanyi ya shigo an sayar da fiye da miliyan ɗaya, sai ga ƙungiyar da a da take kaɗa wa mutum arba'in tana cika filin ƙwallo.

Sai aka gayyace su wani babban shirin talabijin a New York, wanda duk ƙasa ke kallo. Da suka je gwaji, suka tarar an shirya dandali yadda aka saba: mawaƙi a gaba cikin haske, ganguna can baya inda kyamara ba ta kaiwa sosai.

Lamont ya haura dandali. Ya tuɓe kwat, ya rungumi babbar gangar, ya kawo ta gaba tsakiyar haske. Ya koma ya ɗauko ta biyu.

Mai shirya dandali ya taso a guje. "Kai, kai! Ba a haka! Nan wajen mawaƙi ne!"

"Yau wajenta ne," in ji Lamont. "In ba haka ba, ku nemi wanda zai yi muku waƙa."

Haka aka bar su. Ranar shirin, mu muna gidan Baba Roscoe mun cika falo har ƙofa, talabijin ta haska, sai ga Bernadine a gaba, sanduna a hannu, Lamont tsaye a gefenta yana ta washe baki. Ba ta san makirufo a kunne yake ba. Duk ƙasa ta ji ta ce:

"Kai, matsa can, kana tare wa mutane kallo."

Ya matsa. Ta ɗaga sanda ta ƙirga huɗu.

Darasi: Ranar da ɗaukaka ta zo maka, kada ka raina wanda ya ɗora ka a hanya don wani baƙo ya ce bai iya ba. Abin da kake gani aibi a wurinsa, wataƙila shi ne ke riƙe da kai. In kuma ka yi kuskure, ka nemi gafara a gaban mutanen da ka yi wulaƙancin a gabansu, ka gyara da aiki. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman wanda kansa ya fara kumbura.